Keke mai ninkewa yana girgiza a gaɓar tsakiya, a canza ƙusa ko a haƙura?

Assalamu alaikum. Na zo ziyara Amsterdam, na sayi keke mai ninkewa na hannu, tayarsa inci 20, jikinsa alminiyam. Na zaɓe shi ne saboda a jirgin ƙasan Holan idan ka ninke shi kyauta ake shiga da shi, shi kuwa keke na yau da kullum sai an yankar masa tikiti, kuma ba a barinsa lokacin cunkoson safe da yamma.

Matsalar tana gaɓar tsakiya, inda yake ninkewa. Da na kama birkin gaba sai in ji ƙas, gaban keken ya ɗan motsa daban da bayansa. A titunan bulo na cikin gari abin ya fi muni, har kan keken yana rawa a hannuna.

Na ƙara ɗaure notin maƙallin da ke kulle gaɓar. Ya ɗauru, amma sai hannun maƙallin ya ƙi rufuwa, da na sassauta kuma motsin ya dawo. Na wanke wurin, na sa giris, ƙarar ta ragu, girgizar tana nan. Na haska waldar da fitila ban ga tsagewa ba. Wani mai gyara ya taɓa shi kawai ya ce ba ya aikin irin waɗannan.

Ina so in tafi da shi gida, amma ina tsoron ya rabe da ni a tsakiyar titi. Don Allah, waɗanda suka san keken nan: canza ƙusar da ke cikin gaɓar zai kashe wannan motsi, ko ramin ne ya cinye, keken ya gama aiki?