Injin kulorin na wurin wanka yana ɗaukar zafi: abin da aka ce a duba

Wani ne ya kawo kuka, wai injin da ke haɗa masa kulorin daga ruwan gishiri a wurin wankansa na ninkaya, akwatin lantarkin injin ya yi zafi har ba ya taɓuwa, ga warin ƙonewar roba. Mutane suka yi ta ba shi shawara. Shawarar farko da kowa ya bayar ita ce a kashe wuta tun daga babban suwic kafin a taɓa komai.

Yawanci sun fi zargin wayoyi, in kan wayar da ke shiga sel ɗin (ɓangaren da ruwan gishiri ke ratsawa lantarki ya fitar da kulorin) ya saki ko ya yi tsatsa to nan zafin yake taruwa, za ka ga robar wajen ta yi baƙi ta narke. Sai gishiri, injinan da yawa kusan 3200 ppm (wato kashi 3200 cikin miliyan na ruwan) suke so, in ya wuce kima wutar da sel ke ja sai ta ƙaru. Wasu suka ce a leƙa farantan ƙarfen da ke cikin sel ɗin, in farin ɓawon kalshiyam ya kama su a jiƙa a ruwa kashi 4 asid kashi 1, kuma asid ake zubawa cikin ruwa ba akasin haka ba. A duba fankar da ke sanyaya akwatin in yana da ita, a kuma yi wa akwatin inuwa.

Maganar garanti kuwa, ni nan na fi yarda da masu cewa kar ka buɗe akwatin ka fara gyaran kanka, kamfani zai samu hujjar zillewa. Ka ɗauki hoton wajen da ya ƙone, ka nemo rasit da lambar jikin injin da sakamakon gwajin ruwa, sannan ka tura musu a rubuce ba kiran waya kawai ba. Wasu kamfanonin ma suna rage wa'adin garantin in ba ƙwararre ne ya ɗaura maka ba.