In motocin gwamnati suka koma hannun 'yan kasuwa, wa zai tsaya wa fasinja?

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Gardama ta kaure a majalisarmu kan ko gara a bar wa 'yan kasuwa Metro Mass, kamfanin bas-bas na Ghana, gaba ɗaya. Dama kashi 45 ne na gwamnati a kamfanin da aka kafa a 2003, sauran na hukumar fansho ta SSNIT da bankuna da wasunsu. Kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani.

Tsohon Direba: Wa alaikumus salam. Yaro, mun ga irin wannan tun kuna goye. An sayar wa kamfanin Vanef da STC, kamfanin gwamnati na motocin dogon zango, a 2000, ba a je ko'ina ba ta koma hannun SSNIT. Tsofaffin kamfanonin bas na gwamnati, Omnibus da City Express, kuwa sai labari, ƙananan motocin haya na trotro suka gaje su. Abin da ke fara mutuwa shi ne lokaci. Ɗan kasuwa ba ya tashi da kujera ba kowa, ko za ku kwana a tasha. Hanyar ƙauyen da ba riba ma ya daina bi.

Hajiya Mai Atamfa: Baba, a yi adalci, motocin 'yan kasuwa da nake shiga daga tashar Asafo a Kumasi zuwa Accra sun fi tsafta, ga sanyi. Ni kuɗin kaya ne damuwata. Yaron mota ya ɗaga ɗaurin atamfa, ya kalli zoben hannunki, sannan ya yanka farashi. Ba sikeli, ba rasit. Ranar da ruwa ya jiƙa min ɗauri guda a but, na je ofishinsu aka ce ina takarda. Wace takarda, alhali su ne ba su bayar ba? Na bar su da Allah.

Malamin Asawase: Sannu Hajiya. Ni ɗalibai nake ji. Lokacin da "Kufuor bus", wato bas ɗin Metro Mass, ke ɗaukar yara masu yunifom kyauta, da yawa daga zango da ita suke zuwa makaranta. In ba a rubuta wannan cikin yarjejeniya ba, babu ɗan kasuwar da zai yi shi don Allah. Farashi ma haka. Ƙungiyar masu motocin haya ta GPRTU na zama da Ma'aikatar Sufuri a sanar da kuɗin mota, amma je tashar Kejetia a Kumasi da magariba ana ruwa: direba ya raba hanya ɗaya gida biyu, ka biya sau biyu.

Tsohon Direba: Malam, direban ma fa sai ya kai wa mai mota kuɗin yini kafin ya ga na cefane. Ku kama mai mota, ku sa lasisinsa cikin sharaɗi.

Hajiya Mai Atamfa: To a fara da rasit ɗin kaya, da lambar da za a kira a ɗauka.