Gidajen katako na haɗawa: za su yi amfani a ƙauyukanmu na kan dutse?

Ɗan Riruwai ya rubuta:

Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka san harkar gini ce. A ƙasashe masu manyan duwatsu irin su Ostiriya da Suwizalan, ana ƙera bango da daɓe da rufin gida da katako a masana'anta, sannan a ɗauko su gunduwa-gunduwa a kai kan dutse a haɗa cikin 'yan kwanaki. Mu a yankin Riruwai na ƙaramar hukumar Doguwa muna da ƙauyukan da mota ba ta iya kai musu siminti da bulo idan damina ta zauna, sai dai a ɗora a babur ko a jaki, kuma kuɗin dako kaɗai yakan hana mutum gama ɗaki. Shin irin wannan gini zai dace da mu, ko kuwa abu ne da ya tsaya a ƙasashen sanyi?

Injiniya daga Tudun Wada ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ake yin yawancin waɗannan gidaje da shi alluna ne da ake jerawa hawa uku ko biyar ko bakwai, kowane hawa yana gicciye na ƙarƙashinsa, a manne su da gam mai ƙarfi a matse har su zama bango guda. A Ostiriya aka bunƙasa wannan fasaha a shekarun 1990, kuma ƙarfin katakon da aka sarrafa ya kai matsayin da a ƙasar Nowe aka kammala wani ginin katako mai hawa 18 a shekarar 2019, tsawonsa ya ɗan haura mita 85. Saboda haka ba ƙarfi ne abin damuwa ba.

Abin dubawa shi ne inda katakon zai fito. Kusan rabin ƙasar Ostiriya daji ne, kuma doka ta tilasta wa wanda ya sare itace ya tabbatar wani itacen ya maye gurbin wanda ya sare, shi ya sa suke iya cewa gininsu ba ya cutar da muhalli. Mu kuwa yawancin katakon da ake sayarwa a 'Yan Katako na Na'ibawa daga kudancin ƙasar nan ake kawo shi, kuma Kano da Jigawa suna cikin jihohi 11 da ake dasa bishiyoyi a cikinsu don tare hamada. Idan buƙatar katako ta ƙaru a Doguwa alhali ba a shuka komai ba, dajin Falgore ne zai ɗauki nauyin, tunda shi ne a kusa.

Magini daga Birnin Kudu ya amsa:

Ɗana, ka sa gara a lissafinka tun kafin ka sa kuɗin kafinta. Itatuwan da suke aiki da su a can masu taushi ne, kuma a tsaunukansu sanyi bai bar gara ta zauna ba. A nan, farin katako idan ya taɓa ƙasa ba tare da an shafe shi da magani ba, ba ya daɗewa. Iyayenmu ba su zaɓi azara a banza ba: giginya ce da ta shekara da yawa, gara ba ta cika cinta ba, kuma da yake ba ta ɗaukar faɗin ɗaki mai girma ita kaɗai, sai suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga, wato dabarun harhaɗa azara ta ɗauki rufin ɗaki mai faɗi. Kirya ma tana da irin wannan tauri, amma yanzu masu gawayi sun rage ta ƙwarai.

Sai kuma zafi. Katangar tubali mai kauri tana shan zafin rana a hankali, ta sake shi da dare, don haka ɗakin soro yake da sanyi a watan Afrilu. Bangon allo marar kauri ba zai yi haka ba, kuma iskar hunturu za ta busar da shi ya tsattsage idan ɗanye aka kafa. Shawarata, a bar bango ga ƙasa, wadda take nan kyauta a gindin dutsen, a shafe shi da makuba, a kai dabarar haɗawar zuwa rufi da ƙofofi da tagogi.

Malama daga Ringim ta amsa:

Baba magini, Allah ya ƙara girma, na yarda da maganar gara, sai dai ina ganin akwai gurbin da ginin ƙasa ya gaza. A ambaliyar 2022 gidajen ƙasa da yawa sun rushe a Jigawa saboda ruwa ya jiƙa gindin katanga. Ajin makaranta ko ɗakin shan magani da aka ɗora a kan ginshiƙan siminti ko dutse, katakon bai taɓa ƙasa ba, zai tsira daga ruwa, kuma ana iya ganin hanyar gara tun tana hawa a karkaɗe ta. Ga shi ana iya kwance shi a mayar wani wuri. A tsaunin Mambila na jihar Taraba an daɗe ana shuka itacen turare ana aikin gini da shi, kuma turare da dalbejiya duk suna yi a ƙasarmu. Abin da zan ja hankali a kai shi ne wuta, domin da itace muke girki, don haka madafa ta zama ta ƙasa, nesa da ɗakin katako.

Ɗan Riruwai ya sake rubutawa:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan kai wa ƙungiyar ci gaban garinmu shawarar a fara da aji guda: tushe na dutse, bango na tubali, rufi kuwa kafinta ya yanka ya sa wa kowane katako lamba a Doguwa, a hau da shi a babur. Injiniya, wane magani ne ake shafa wa katakon turare, kuma wata nawa ya kamata ya yi a inuwa kafin a yanka shi?