Neman shawara: muna son kai yara Yankari a hutun Agusta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ɓoye sunana. Ni matar aure ce a Kano, yarana uku: babbar shekararta 8, mai bi mata namiji ɗan shekara 4, sai na goye, watansa 14, bai bar nono ba. Tun ranar da malamarsu ta nuna musu hoton giwa ta ce akwai su a Bauchi, yarinyar nan ba ta da zance sai Yankari. Na yi mata alkawarin idan ta haddace izu biyu ta kuma ci jarrabawa za mu je, ga shi ta cika nata. Maigidan a Fatakwal yake aiki, hutunsa ya faɗo a Agusta. Tun bara nake zubin adashi da kuɗin ɗinkina saboda tafiyar nan, ban taɓa ko sisi ba, har lokacin da ƙanwata ta haihu aka yi ta ƙananan maganganu wai ban yi hidimar a zo a gani ba, na toshe kunnena. Yanzu kuma surukata ta ce ita ba ta yarda a shiga daji da jinjiri ba. Maigidan ya ce duk yadda na tsara. Wallahi barci ma ba na iya yi sosai. Wanda ya taɓa zuwa da ƙananan yara ya taimaka min, ta ina zan fara?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Allah ya yi wa yarinya albarka, ya sa Alƙur'ani ya cece mu. Amma 'yar uwa kwana nawa za ku yi? Da wace mota? Ba ki faɗa ba.

Baban Khalifa: Hajiya, ni ɗan Bauchi ne, ki saurare ni da kyau. Agusta ba lokacin Yankari ba ne. Tsakiyar damina ce, ciyawa ta fi mutum tsawo, ruwa ya kwanta ko'ina a daji, dabba ba ta da dalilin fitowa. Da rani ne ƙishirwa ke tattaro su bakin kogin Gaji, daga Fabrairu zuwa Afrilu, nan ne ake ganin ɓauna, gwanki, gwambaza, in da rabo har giwa. Dajin nan ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma giwayen ba a ɗaure suke ba, suna iya yin nisa na kwanaki. Ko da rani babu mai yi miki alkawarin giwa, balle da damina. Ki ɗaga tafiyar kawai.

Mai tambaya: Na gode Malam. Amma hutun maigidan ba a hannuna yake ba, kuma Fabrairu yara suna makaranta. Agustan nan ita ce kaɗai damarmu.

Anti Ladi: Ni ban yarda da maganar Fabrairu zuwa Afrilu ba in da jariri. Kun manta zafin Maris da Afrilu a ƙasar Bauchi? Mu da damina muka je, garin luf-luf, daji kore shar, yara suka sha wanka a Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumin nan da ke cikin dajin. Giwa dai ba mu gani ba, amma ba wanda ya yi kuka.

Baban Khalifa: Anti, ai kin faɗa da bakinki, ba ku ga giwa ba. Ita kuma giwa aka yi wa yarinya alkawari. Sannan da damina ƙudan tsando ya fi yawa a gefen kogi, cizonsa kamar an soka maka allura, kuma baƙin kaya da shuɗi yake bi. Ga sauro. Hajiya, in kin dage, kowa ya sa kaya masu haske masu dogon hannu, ki tafi da gidan sauro, da maganin zazzaɓi na yara, da ruwan gishiri da sukari na leda. Hanya kuma: daga Kano ta Wudil, Birnin Kudu, Ningi zuwa Bauchi wajen kilomita 300 ne. Daga Bauchi a ɗauki hanyar Gombe, a Dindima a karya a nufi Mainamaji inda babbar ƙofa take. Daga ƙofa zuwa sansanin Wikki akwai sama da kilomita 40 cikin daji. Ku sha mai a Bauchi ku cika tanki, ku kuma kwana a Bauchi, kada ku haɗa tafiyar a yini ɗaya da ƙananan yara.

Maman Ɗan'auta: Ke dai ki gode wa Allah da ya ba ki miji mai cewa duk yadda kika tsara. Ni shekara da shekaru ko gidan zoo na Audu Bako da ke nan cikin gari ba a taɓa kai mu ba. Da na yi magana sai a ce ba kuɗi, amma da amarya ta ce tana son zuwa bikin ƙawarta Kaduna, har direba aka ɗaukar mata. Yarana a waya suke ganin zaki.

Maman Ilham: Allah ya kawo sauƙi Maman Ɗan'auta, ki yi haƙuri, ba ke kaɗai ba ce.

Mai tambaya: Malam, kwana ɗaya kawai kuɗinmu zai ɗauka, kuma a Wikki nake so mu yi shi. Za mu fita bayan asuba, ai kafin la'asar mun isa. Motar maigidan ce, Corolla. Na manta ban faɗa ba, ƙanwarsa da ɗanta ma za su bi mu.

Baban Khalifa: Manya uku, yara huɗu, ga kaya, a Corolla, tafiyar awa shida zuwa bakwai? Hajiya wannan wahala ce. Kuma zagayen daji ana yin sa ne da sassafe ko da yamma, da ɗan rakiya. In kun isa a gajiye kun rasa na yamma, saura na safe kaɗai.

Mai tambaya: Yarana sun saba, muna zuwa Gusau da su. Ƙanwar tasa kuma ita za ta taya ni riƙon yara, ba zan iya cewa kada ta zo ba.

Hajiya Babba: 'Yata, maganar surukarki nake so ki koma kanta, don duk kun tsallake ta. Babba ba ya hana abu a banza. Ki bar mata na goyen, kwana ɗaya ba zai kashe shi ba, kin ga kin faranta mata, ke ma kin samu hannu. Mu a zamaninmu ko almuru ba a fita da jinjiri, balle dokar daji.

Mai tambaya: Hajiya ba zai zauna ba wallahi, da dare sai da nono yake barci. Zan yi masa addu'o'insa, zan goya shi, ba zan sauke shi a ƙasa ba.

Ummu Sadik: Ni abin da zan ja miki kunne a kai biyu ne, don da idona na gani. Na farko gwaggon biri. A cikin sansanin suke yawo, su da mugun dawa, ba sa tsoron mutum. Ɗana yana riƙe da ledar biskit, wani ƙato ya taho a guje ya fizge, yaron ya yini yana firgita. Kada yaro ya riƙe abinci a fili, ku rufe ƙofa da taga da gilashin mota. Na biyu ruwan Wikki. Ɗumi gare shi, digiri 31 rani da damina, garai-garai har kina hango yashin ƙasa, shi ya sa yake ruɗin ido. Ta wajen dutsen da yake ɓuɓɓugowa zai iya shanye babban mutum. Ɗan shekara huɗun nan kada hannunki ya bar nasa, ku tsaya ta wajen da ba zurfi. Matattakalar sauka ma tana da tsawo, ga ki da goyo.

Malam Na-Ningi: Me zai hana ku tsaya gandun dabbobi na Sumu? Yana ƙaramar hukumar Ganjuwa, kan hanyarku kafin Bauchi. Akwai raƙumin dawa da jakin dawa da aka kawo daga Namibiya, kuma wurin bai kai Yankari girma ba, ganinsu ya fi sauƙi.

Baban Khalifa: Sumu ba giwa, ba Wikki. Yankari tun 1956 aka keɓe shi, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya zama na tarayya a 1991 kafin ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Ba a haɗa su. Akwai gidan tarihi a sansanin, da ƙasusuwa da hauren giwa, ko ba komai yarinya za ta ga wannan. Amma ina nan kan bakana, ku bari sai hutun Disamba.

Anti Ladi: Disamba da cinkoson Kirsimeti da sabuwar shekara? Ɗaki ma sai wanda ya riga.

Mai tambaya: Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Disamba maigidan ba ya nan, kuma yarinyar Yankari na ce mata, ba Sumu ba. Zan sake lallaɓar surukata in maigidan ya kira da dare. Don Allah ana barin mutum ya shiga da ƙaramin gas ya dafa wa yara abinci? Ɗan shekara huɗun ba ya cin abincin waje.

Ummu Sadik: Mu dai soyayyen nama da dambu muka tafi da shi a kula.

Maman Ilham: Har yanzu ba ki ce ko kun kama ɗaki ba.