Wa ya taɓa zuwa Kilwa a Tanzaniya? Ina neman shawara

Ɗan_Fagge:
Salam jama'a. Wurin aiki za su tura ni kwas Darussalam wata mai zuwa in Allah ya yarda, kuma bayan an gama zan samu 'yan kwanaki kafin jirgin dawowa. Kowa Zanzibar yake ce min amma da na duba kuɗin masauki sai naji jikina yayi sanyi, kuma ni gaskiya ba son cinkoson 'yan yawon buɗe ido nake ba. Wani malaminmu ya taɓa bamu labarin Kilwa, wai garin masunta ne a bakin teku kuma akwai tsibiri kusa dashi mai tsohon masallaci da Ibn Battuta, shahararren matafiyin nan na Maroko, ya ziyarta. To dan Allah wanda ya sani, yaya ake zuwa, ina ake kwana, kuma shiga tsibiran nan akwai hatsari? Don ni ban iya ruwa ba ko kaɗan, Tiga ma daga nesa nake kallonta.

Baban_Ilham:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka zaɓi wuri mai kyau, amma fara sanin wannan tukuna don shi ke rikita baƙi: Kilwa ɗin guda uku ce. Akwai Kilwa Masoko, nan ne hedikwatar gunduma, nan masaukai suke da banki da tashar mota, nan zaka kwana. Akwai Kilwa Kivinje wadda ita ce ainihin garin masuntan, tana arewa da Masoko tafiyar ƙasa da awa ɗaya a mota. Sai Kilwa Kisiwani, tsibirin da malaminku yake nufi, kana tsaye a tashar jiragen Masoko kana hango shi.

Daga Darussalam wajen kilomita 300 ne kudu, motocin suna tashi daga unguwar Mbagala da sassafe, ka lissafa awa biyar zuwa shida, zaku haye kogin Rufiji ta gadar Mkapa wadda aka buɗe 2003, kafin ita da jirgin fito ake tsallakewa shi yasa da can mutane basa son hanyar. In motar da ka samu mai wucewa Lindi ko Mtwara ce to a mahaɗar Nangurukuru za ta ajiye ka, daga nan ka nemi ƙaramar mota zuwa Masoko. Kuma ka kula da agogonsu wajen sayen tikiti, su daga wayewar gari suke fara ƙirga awa, in mai tikiti yace maka ƙarfe sha biyu na safe to shida na safe yake nufi a namu lissafin, ka sa ya nuna maka a waya kawai a huta.

Tsibirin ba a shiga haka kai tsaye, sai ka biya kuɗin izini a ofishin kula da kayan tarihi a Masoko su haɗa ka da ɗan rakiya, shi zai nemo jirgi. Tsallakawar bata da nisa, da mai inji kafin ka gama fargaba kun isa. Amma abin da zaka tarar wallahi ya wuce yadda ake faɗa. Babban masallacin da dutsen murjani aka gina shi, ɓangaren farko tun wajen ƙarni na 11 zuwa 12, daga baya aka faɗaɗa shi da ginshiƙai da ƙubbobi jere-jere, kana shiga ƙarƙashinsu zafin waje ya ɗauke, har yanzu ga mihrabin nan. Ni dai na daɗe a zaune a wurin, ɗan rakiyar har ya gaji ya koma gindin kuka yana jirana. Sai Husuni Kubwa, fadar Sarki Alhasan bin Sulaiman a kan tudu tana kallon teku, ɗakuna sun haura ɗari, har da wurin wanka mai kusurwa takwas da aka fafe, a ƙarni na 14 fa. Shi wannan sarkin ne Ibn Battuta ya tarar a 1331 ya yabi kyautarsa, har laƙabi ake masa da Abul Mawahib, kuma ya sa garin cikin mafi kyawun biranen da ya gani. Arzikin nasu zinariya ce da ke fitowa daga ƙasar Zimbabuwe ta tashar Sofala, su ke riƙe da hanyar, har kuɗinsu na tagulla suke bugawa. Turawan Fotugal suka zo 1505 suka ci garin da yaƙi, daga nan abin ya fara ja baya. Ganuwar da zaka fara gani a bakin ruwa, Gereza, su suka fara ta, Larabawan Oman suka sake gina ta daga baya. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya 1981.

Mutane na zaune a tsibirin har yau, ƙauye ne na masunta da makarantar allo da awaki suna yawo cikin kangaye, to ka yi sallama ka nemi izini kafin ka ɗaga waya kan kowa.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ɗana kafin duk wannan, bizarka ta fito? Don fasfo ɗin Najeriya da na Nijar basa cikin waɗanda ake bugawa biza a filin jirgi a Tanzaniya, sai ka nema ta intanet tun da wuri an tura an amince, kuma tana ɗaukar lokaci. Katin rigakafin shawara ma ka riƙe shi a hannu kar ka sa a akwati. Ni Kilwa ban je ba, kasuwar Kariakoo ta Darussalam nake tsayawa in yi sari in juyo, amma wannan kam na sani.

Ɗan_Fagge:
Na gode Hajiya, ofis sun nema tun tuni ta fito alhamdulillah. Baban Ilham Allah ya saka da alheri, to shi ɗaya tsibirin fa, Songo wani abu?

Injiniya_Zinder:
Songo biyu ne kar ka haɗa su. Songo Mnara shi ne mai kufai, yana kudu da Kisiwani. Songo Songo kuma can cikin teku yake, inda ake haƙo iskar gas ana turawa Darussalam ta bututu, ta dalilin aikin gas ɗin ma na san yankin, kai ba ruwanka da can.

Ni a ganina tunda kace baka iya ruwa ba kuma kwanakinka kaɗan ne, ka bar Songo Mnara. Ba wai babu kyau ba, akwai, gari ne guda na dutse na ƙarni na 14 zuwa 15 da masallatai biyar da gidaje da maƙabarta, kusan ma ya fi Kisiwani tsari. Amma tafiyar tafi awa a jirgi, kuma in kun sauka sai kun ratsa cikin itatuwan nan da ke tsiro a ruwan gishiri, in ruwa ya ciko zaka tsunduma har gwiwa ko fiye, in ya janye kuma jirgin ne zai zauna a taɓo ku yi ta jira. Can teku ke yanke lokacin tafiya, sau biyu take cikowa ta janye a kwana ɗaya kuma kullum lokacin matsawa yake, saboda haka in mai jirgi yace a tashi yanzu to a tashi, kar ka tsaya cewa bari in ƙarasa shayi. Daga wajen Yuni zuwa Agusta iskar kudu na da ƙarfi, da rana ruwan yakan yi tsalle sosai, safiya tafi lafiya. Maris zuwa Mayu kuma damina ce mai nauyi. Rigar kariya ka tambaya tun kuna tudu, in babu ka nemi wani jirgin, kuma kar ka hau na haya da ake cusa mutane da buhuna don arha.

Abin da nafi so ka ba lokaci shi ne Kivinje, don mutane suna tsallake ta su tafi kallon duwatsu. Ka je da asuba lokacin da jirage ke shigowa, masu tafiya da iska da ƙananan kwalekwale masu fiffike biyu a gefe, a zube kifi a yi gwanjo a nan bakin ruwa ana ta ihu, mata da bokitai suna shiga ruwa har ƙugu suna tarbo kaya. Akwai wasu ƙananan kifi da suke kira dagaa, da dare ake kama su da fitila, an fi samu in babu farin wata, sai a tafasa su da gishiri a shanya, warin kam sai ka daure amma rabin garin da shi yake ci. Garin kansa tsofaffin benaye ne na Larabawa da Indiyawa duk sun ruɓe, itace na fitowa ta taga, ga tsohon ofishin Jamusawa a bakin teku. A ƙarni na 19 nan ne ayarin hauren giwa da bayi ke sauka daga cikin ƙasa, kuma yaƙin Maji Maji na 1905, tawayen da 'yan ƙasa suka yi wa Jamusawa 'yan mulkin mallaka, a duwatsun Matumbi na wannan yankin ya tashi, akwai wurin da Jamusawa suka rataye mutane an sa alama. Babu wanda zai bi ka da tallan tsaraba, garin harkar gabansa kawai yake.

Baban_Ilham:
Injiniya ban yarda da kai ba kan Songo Mnara gaskiya, mutum ya taho tun daga Kano ya tsaya a bakin ƙofa? Da ɗan rakiya nagari da rigar kariya ba komai, na ga tsofaffin Turawa sun yi ta. Ya dai ware mata yini guda kar ya haɗa ta da wani abu. Kivinje kuwa na baka gaskiya.

Ummu_Sudais:
Ni abinci ne tambayata, mai gidana ma yana son zuwa kuma shi in ba tuwo ba sai a hankali.

Injiniya_Zinder:
Hajiya ai ya samu gida, ugali tuwon masara ne sak sai dai ya fi namu tauri, da soyayyen kifi ko romon kwakwa ake ci. Akwai shinkafa da kwakwa, ƙaguwa, jatan lande, da wannan mai hannuwa takwas ɗin da suke kira pweza, ni dai na ɗanɗana na barshi. Yawancin mutanen bakin tekun Musulmi ne, ba matsalar yanka, Shafi'iyya ne shi yasa zaku ji liman ya ɗaga murya da ƙunuti bayan ruku'u a Asuba, kar ya ɗauka an yi kuskure. Ku riƙe tsabar shilin don ba ko'ina kati ke aiki ba, da gidan sauro da maganin zazzaɓi. Yaji kuma ku taho da naku.

Malam_Na_Gobir:
Ƙarin bayani kaɗan, shi Ibn Battutan bayan shekara ashirin da wani abu ya biyo ta Takedda a ƙasar Nijar ta yau, har ya ambaci Gobir cikin wuraren da ake kai tagulla. Ɗan Fagge in ka je ka ɗauko mana hoton mihrabin nan dan Allah.

Ɗan_Fagge:
In sha Allah Malam. Na tsara haka: kwana a Masoko, Kisiwani da safe, washegari asuba Kivinje, Songo Mnara kuma sai na ga idon mai jirgin da yanayin ruwan tukuna. Baban Ilham in kana da lambar ɗan rakiyar nan turo min ta inbox.