Neman kalma: ciwon da ke kama mashayi idan ya katse giya

Binta: Assalamu alaikum. Malamai, a taimaka mini. Jibi da safe za mu naɗi shirin lafiya, kuma rubutun da aka ba ni in mayar Hausa a kan mutumin da ya saba shan giya kowane dare ne, sai ya wayi gari ya daina baki ɗaya. Kalmar da ta hana ni gaba ita ce "withdrawal". Na sa "janyewa", na karanta a fili, ni kaina ban gane abin da nake faɗa ba. Akwai kuma "delirium tremens" can ƙasa, amma a fara da ta farkon.

Ɗanlami: Wa alaikumus salam. Janyewa kam a'a. Mai sauraro zai ɗauka wani ɗan takara ne ya janye wa wani.

Auwal: Jaraba mana. Jarabar giya ta tashi. Kowa zai gane.

Sista Rabi: Auwal, jaraba a rai take, shi ke son ya sha. Wannan kuwa jiki ne. Za ka ga mutumin da ya tsani giyar, ya rantse ya bar ta, amma hannunsa na karkarwa, zufa na karyo masa, zuciya na bugawa da sauri, ga tashin zuciya, ga rashin barci. In aka ce jaraba, 'yan uwansa za su ce ya daure kawai.

Auwal: To, magagin giya?

Dakta Usman: Magagi ya fi dacewa da nauyin kai da kasalar da mai sha ke tashi da su da safe, wanda ke wucewa da kansa. Bari in faɗi abin da kalmar ke ɗauke da shi, sai masu harshe su yanke. Giya tana ƙara ƙarfin sinadarin GABA mai kwantar da ƙwaƙwalwa, tana kuma danne gulutamet mai zaburar da ita. Idan ana sha kullum, ƙwaƙwalwa sai ta gyara zama: ta rage nata kwantarwar, ta ƙara zaburarwar. Kamar direban da birki ya riƙe masa mota ne, ya yi ta taka totur, sai birkin ya saki farat ɗaya. Alamun kan fara tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe. Jijjiga irin ta farfaɗiya ta fi zuwa cikin kwana 2 na farko. Wanda ya fi muni, shi ne na biyun da Binta ta ambata, yakan zo wajen kwana 2 zuwa 4: ruɗewa, gane-gane, zazzaɓi, hawan jini, mutum bai san inda yake ba. Kaɗan ne ke kaiwa nan, amma yana kisa idan ba a je asibiti ba. Don haka ina son kalmar da mai jin ta zai san ciwo ne, kuma katsewar ce ta tayar da shi.

Hajiya Larai: Ai muna da yaye. Ciwon yayen giya. An raba jiki da abin da ya saba, yana kuka.

Ɗanlami: Hajiya, yayen giya sai ka ce bikin yaye ɗalibai. Wa zai raba takardun shaida?

Hajiya Larai: Kai dai ba ka rasa abin faɗa. Kawo taka mu ji.

Malam Garba: Duk kun bi doguwar hanya. Kalma ɗaya ta isa: katsau. Daga katse. Yadda muka sami sanƙarau daga sanƙare, haka za mu sami katsau daga katse. Katsau ya kama shi. Katsau ɗin giya, katsau ɗin ƙwaya, katsau ɗin taba. Gajeriya ce, tana da sigar sunan cuta, kuma ba mu ari ko harafi ɗaya ba. Na daɗe ina faɗa wa ɗalibaina, harshen da ke bayyana kowace sabuwar ma'ana da jimla guda, harshe ne da ya daina haihuwa.

Auwal: Allah gafarta Malam, wallahi tana da daɗin faɗa.

Ɗanlami: Daɗin faɗa kam akwai. Amma wannan sigar ai mutum take nunawa sau da yawa. Mantau mai mantuwa ne, makarau mai makara. Katsau kuwa ni sai in ji mai katse wa mutane magana.

Malam Garba: Sanƙarau mutum ne? Ka koma aji, yaro.

Sista Rabi: Malam, sanƙarau ta zauna ne don ta faɗi abin da ido ke gani, wuya ya sanƙare. Katsau ba ta faɗi me ya sami mutumin ba. Matar da mijinta ke karkarwa a ɗaki, in ta ji katsau a rediyo, ba za ta san da ita ake ba.

Malam Garba: Za ta sani in aka maimaita mata. Kowace kalma akwai ranar da aka fara jin ta. Matsalarku 'yan asibiti ke nan, kun yi karatu da Turanci, kuna tunani da Turanci, sannan ku zo ku ce Hausa ba ta da kalma. Ku ne kuka cika mana baki da "alsa" da "taifot" alhali gyambon ciki na nan.

Dakta Usman: Malam, ba mu muka koya wa mutane alsa ba, da ita suke zuwa mana. Kuma ba wanda ya ce Hausa ta gaza. Su ma masu Turancin aro suka yi. Delirium tremens Latin ce, wani likitan Ingila mai suna Thomas Sutton ne ya raɗa ta a 1813, ma'anarta ruɗewa mai karkarwa. Bai ƙago sabuwar kalma ba, abin da ya gani ya faɗa.

Malam Garba: To shi an bar shi ya raɗa don Bature ne. Ni Garba in na raɗa, sai a ce a jira kwamiti.

Alhaji Isa: Ni ba kalmar ce ta dame ni ba. Barasa haramun ce, mutum ya yi niyyar tuba, sannan a hau rediyo a ce masa barinta nan take na da haɗari? Wannan ai ba mashayi hujja ne. Gobe zai ce likita ya ce kada in bari. Kuma tun da ana gyaran harshe, a ce barasa, giya ta yi kama da hirar mashaya.

Hajiya Larai: Alhaji, barasa da giya duk muna faɗa, kada a buɗe wannan kuma.

Dakta Usman: Ranka ya daɗe, ba wanda zai ce kada a bari. Bari shi ne abin da muke so, yadda za a bari ake magana. Kuma ba kowane mai sha ke cikin haɗarin ba. Wanda ke kurɓar kaɗan da dare na ɗan lokaci, galibi abin da zai gani bai wuce rashin barci da ƙunci na 'yan kwanaki ba. Waɗanda muke tsoro su ne mai sha da yawa kullum na tsawon watanni ko shekaru, wanda sai ya sha da safe hannunsa ke daina rawa, wanda ya taɓa jijjiga ko ruɗewa a wani barin da ya yi a baya, tsoho, mai ciwon hanta ko zuciya, da mai haɗawa da ƙwayoyin barci. Kuma kowane zagaye na bari da komawa yana iya sa na gaba ya fi tsanani. Irin waɗannan su ga likita kafin su daina. Ana ba su magani irin su diyazefam, a riƙa ragewa cikin kwanaki, tare da bitamin B1 saboda ƙarancinsa a jikin mashayi na lalata ƙwaƙwalwa. Binta, don Allah ki sa wannan a shirin: kada wani ya sayo diyazefam ya yi wa kansa, haɗa shi da giya na iya tsayar da numfashi. Kuma in an ga jijjiga, ko sambatu, ko yana ganin abin da babu, ko amai ba tsayawa, asibiti nan take, ba ɗaure shi a ɗaki ba.

Alhaji Isa: In haka za a faɗa, da sauƙi. Amma a fara da cewa barin alheri ne kafin a zo kan haɗarin.

Binta: In sha Allahu, Alhaji, haka rubutun ma ya fara. Dakta na gode, na kwafe. Amma har yanzu ba ni da kalma.

Auwal: Larabawa insihabi suke cewa. Mu ara mana, yadda muka ari sauran.

Ɗanlami: Insihabi ai janyewar ce ta sa rawani.

Malam Garba: Kun gani? Gara ku aro daga gabas ko yamma da ku karɓi ta gida. Bargery da ya fitar da ƙamus a 1934, bakin mutane ya bi yana tattarawa. Yau masu harshen ne ke jin kunyar ƙara masa kalma ɗaya.

Sista Rabi: Bakin mutane ya bi, Malam, ka faɗa da kanka. Bakin mutane kuwa cewa suke yi "ya katse giya ne jikinsa ya rikice". Ni a nan zan tsaya: ciwon katse giya. Katse ɗin Malam na ciki, giya na ciki, ciwo na ciki.

Hajiya Larai: Ni fa ban saki yaye ba.

Dakta Usman: Hajiya, kada ki sake ta, tana da wurinta. Abin da muke yi a asibiti, raba mutum da giyar a hankali da magani, shi ya dace da yaye. A yaye shi daga giya a hannun likita. Ciwon katse giya kuma shi ne abin da ake gudu. Kalma biyu, aiki biyu.

Ɗanlami: Wannan ta shiga. Na janye maganar takardun shaida.

Binta: Alhamdu lillahi. To ta biyun fa? Na gwada "haukan giya".

Sista Rabi: A'a, don Allah. Da an ce hauka, ba asibiti za a nufa da shi ba. Kuma wannan yana warkewa cikin kwanaki in an kula da shi.

Auwal: Gigin katse giya?

Dakta Usman: Gigi ta kama ruɗewar, ta bar karkarwar da zazzaɓin. Amma ta fi hauka nesa ba kusa ba.

Malam Garba: Babban katsau.

Hajiya Larai: Malam!

Binta: Ga yadda zan yi, don dare ya yi kuma akwai sauran shafi uku. Zan ce "ciwon katse giya" ko'ina. Maganin asibiti zan ce "yaye daga giya". Ta biyun ba zan ba ta suna ba tukuna, zan ce "matakin da ya fi tsanani, mai ruɗewa da karkarwa", in jero alamun kamar yadda Dakta ya faɗa. Barasa zan sa a buɗe shiri saboda Alhaji, sauran wuraren kuma in ce giya.

Malam Garba: Kalma uku a inda ɗaya ta isa. Ba komai, a yi shirin, rai ya fi nahawu. Amma a rubuta cewa ban yarda ba, kuma "katse" ɗin da kuke taƙama da shi daga wurina ya fito. A jerin kalmomin da nake ba ɗalibai, katsau zan sa.

Ɗanlami: Allah gafarta Malam, jam'inta fa?

Malam Garba: Sanƙarau na da jam'i ne?