Tumatirin buhu yana baƙi ta gindi

Maman Yara: Assalamu alaikum. Me ke sa 'ya'yan tumatirin da aka shuka a buhu su yi baƙi ta gindi kafin su nuna?

Mai Lambu: Wa alaikumus salam, Hajiya. Matsalar ban ruwa ce. Yau ƙasa ta bushe ƙayau, gobe a malale ta, sai sinadarin kalsiyam da tsiron ke sha daga ƙasa ya kasa isa ga 'ya'yan, rashinsa ke jawo baƙin. Ki riƙa ba shi ruwa kullum da safe, da bazara har da yamma, ki rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa.

Uwargida: Duba buhun ma, 'yar'uwa. Tsiro ɗaya kacal a ciki, a huda ƙasan buhun. Ƙasa kashi 2, ruɓaɓɓen taki kashi 1. Rage takin yuriya, ganye take ƙarawa.

Mai Lambu: Waɗanda suka lalace ki tsinke su, ba sa gyaruwa.